Kwamfutar da ke rage gudu da kanta: lalacewa ce ko tattali?

Wani ƙanena mai shagon buga takardu da fotokwafi ya kira ni da yamma, da jin muryarsa ka san ransa a ɓace yake. Ya sayi kwamfutar tebur ta hannu, irin waɗanda ofisoshin Turai ke sallamawa bayan sun more su, an rubuta masa a rasit cewa furosesarta Core i5-4570 ce mai gudun gigahaz 3.2. Da ya kai ta shago ya buɗe Task Manager, sai ya ga lambar gudun ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Yanzu tana 0.8, an jima 1.5, ya buɗe wani fayil ta haura 3.5, ya saki linzami ta sake faɗowa. Ya ce, "Yaya, an cuce ni. Ko dai furosesar ta gaji ne, ko an canza ta." Har wani mai gyara ya yi masa alkawarin zai shiga BIOS, wato saitunan tushe na kwamfutar, ya ɗaure masa ita a kan cikakken gudu, kada ta ƙara motsi.

Na ce masa kada ya bari a taɓa ta. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, kuma wannan hawa da saukar da ya tsorata shi yana daga cikin abubuwa mafi amfani da aka ƙirƙiro a harkar kwamfuta cikin shekaru 25 da suka wuce. Amma tun da tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai, kuma amsar tana da rassa, ya kamata a warware ta daga tushe: me ke sauya gudun, nawa ake tsimi da hakan, yaushe ne saukar gudu ke zama alamar matsala, kuma ina ne wutar take zurarewa da gaske.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tarin maɓallai ne ƙanana da ake kira tiransisto, biliyoyinsu a kan ɗan guntun silikon da bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. Domin su yi aiki tare ba tare da wani ya riga wani ba, sai an sami mai ba su kiɗa, kamar yadda makaɗin gayya ke haɗa hannun manoma a kan kunya. Wannan makaɗi shi ake kira agogo. Duk bugu ɗaya, aiki ya matsa taki ɗaya. Gigahaz 1 na nufin bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa. A gigahaz 4, tsakanin bugu da bugu ko haske, wanda babu abin da ya kai shi sauri, ba ya wuce tafiyar santimita 7.5.

A kwamfutocin tebur na yau, tushen kiɗan ba ya canzawa, megahaz 100 ne. Abin da ke canzawa shi ne lambar da ake ninka shi da ita. A ninka da 8 a sami gigahaz 0.8, a ninka da 32 a sami 3.2, a ninka da 36 a sami 3.6. Abin da ƙanena ya gani yana rawa ke nan: furosesa tana sauya lambar ninki sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, gwargwadon aikin da ke gabanta.

To me ya sa ba za a bar ta a sama kullum ba? Amsar tana cikin yadda tiransisto ke cin wuta. Duk lokacin da maɓalli ya juya daga kashe zuwa kunne, sai ya ɗebi 'yar wuta ya zubar da ita a matsayin zafi. Idan an ninka gudu sau biyu, juyawar ta ninku sau biyu, cin wuta ma haka. Da a nan abin ya tsaya, da rage gudu bai tsinana komai ba, domin aikin da za a yi cikin minti ɗaya zai koma minti biyu da rabin wuta, jimilla ɗaya ce. Sirrin yana wajen boltej, wato ƙarfin da ake tura wutar da shi. Maɓalli ba ya juyawa da sauri sai an tura shi da ƙarfi, don haka gudu mai yawa yana buƙatar boltej mai yawa. Shi kuma boltej ba sau ɗaya yake shiga lissafi ba, sau biyu yake shiga, ana ninka shi da kansa. Mu ɗauki misali: furosesa tana aiki da bolt 1.2, sai aka rage gudunta zuwa rabi, wanda ya ba da damar sauke boltej zuwa 0.8. Rabin gudu ya rage wuta zuwa rabi. Saukar boltej ita ma ta rage ta zuwa kashi 44 cikin 100. Idan aka haɗa, wutar da ake ci ta koma kusan kashi 22 cikin 100 na ta farko. An ba da rabin gudu, an karɓo sama da kashi uku cikin huɗu na wuta. Wannan ɗan lissafi shi ne ƙashin bayan duk maganar, kuma wanda ya riƙe shi zai gane sauran cikin sauƙi. Akwai kuma wata wutar da ke yoyo ta jikin tiransisto ko da ba ta juyawa, kamar randa mai tsatsafo, kuma yoyon yana ƙaruwa idan boltej ya hau ko jiki ya yi zafi.

A da ba a damu da wannan ba. IBM PC ta shekarar 1981 tana gudu a megahaz 4.77, dare da rana, kuma furosesarta ko fanka ba ta buƙata. Waɗanda suka ga kwamfutocin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 za su tuna wani maɓalli a gaban akwati mai suna Turbo. Amfaninsa na gaskiya shi ne sassauta gudu, domin wasanni da manhajojin da aka rubuta wa tsohuwar na'ura suna rikicewa idan suka hau mai sauri. Yana daga cikin farkon hanyoyin sauya gudu a kwamfutar tebur, da yatsa ake yi, kuma ba don tattalin wuta ba. Daga nan sai tsere ya ɓarke. Pentium ta fito a 1993 da megahaz 60 da 66. A watan Maris na 2000 kamfanin AMD ya riga Intel taɓa gigahaz 1 da Athlon, da tazarar kwana biyu kacal. Lambar gudu ta zama ita ce tallar kanta, mai saye ba ya tambayar komai sai ita, kuma wannan ɗabi'a ce ƙanena ya gada ba tare da ya sani ba.

Abin da ya sa tseren ya yiwu shi ne wata ƙa'ida da Robert Dennard na kamfanin IBM da abokan aikinsa suka bayyana a 1974: duk lokacin da aka ƙanƙanta tiransisto, ana iya sauke boltej tare da ita, sai a sami ƙarin gudu ba tare da ƙarin zafi ba. Ƙa'idar ta yi aiki kusan shekara 30. Da tiransisto ta yi ƙanƙanta ƙwarai, yoyo ya yi yawa, boltej ya ƙi sauka ƙasa da kusan bolt 1, sai zafi ya fara taruwa. Tun a 2001 Pat Gelsinger na Intel ya yi gargaɗin cewa idan aka ci gaba a haka, zafin da ke fita daga kowane ɗan yanki na furosesa zai kamo na tukunyar nukiliya. Intel ya yi fatan zuriyar Pentium 4 za ta kai gigahaz 10, amma ta tsaya cak a 3.8 tana cin wat 115. A watan Oktoba na 2004 kamfanin ya soke samfurin gigahaz 4, har shugabansa na lokacin, Craig Barrett, ya durƙusa a gaban taro yana neman afuwa. Sauri ya haifi nawa. A 2006 Core 2 Duo E6600 ta zo da gigahaz 2.4 da wat 65, ta kuma tsere wa Pentium 4 a kusan kowane aiki, domin tana da cibiyoyin aiki biyu kuma tana yin abu mai yawa a kowane bugu. Tun daga ranar lambar gudu ta daina zama ma'aunin ƙarfin kwamfuta, sai dai labarin bai gama isa kasuwa ba har yau.

Dabarar sauke gudu da boltej tare ta fara ne a laftof, inda batir ke tilasta tsimi. Intel ya fito da SpeedStep a 2000, AMD ya fito da PowerNow! a shekarar. Kwamfutar tebur ta yi jinkiri, domin ana ganin wadda ke jone da bango ba ta da abin tsoro. AMD ne ya fara kawo abin teburi da Athlon 64 a 2003, ya kuma raɗa masa suna Cool'n'Quiet, wato sanyi da shiru. Sunan ya nuna abin da ya dami mutane a lokacin, ƙarar fanka ce kafin kuɗin wuta. Intel ya biyo baya a 2005 da jerin Pentium 4 masu lamba 600. A gefe guda kuma hukumomi suna matsa lamba, tun daga shirin Energy Star da hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙaddamar a 1992, wanda ya fara da kwamfutoci da allunansu, saboda an lura ana barin miliyoyinsu a kunne a ofisoshi babu mai amfani da su.

Yaren da Windows ko Linux ke magana da furosesa a kan wuta shi ne ACPI, wanda Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. A cikinsa akwai matakai iri biyu, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin ruɗanin da ake yi. Na farko su ne matakan P, na gudu: furosesa tana aiki, amma a hankali ko da sauri. Na biyu su ne matakan C, na barci. C0 na nufin a farke take. A C1 an tsayar da kiɗan agogo. A C6 kuwa an adana abin da cibiyar ke riƙe da shi a wani wuri, an yanke mata wuta gaba ɗaya, ko yoyon ma babu. Duk zurfin barci, tashi yana ɗaukar lokaci, amma lokacin nan ana auna shi ne da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, ba abin da ɗan'adam zai ji ba ne.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata ya yi tunanin yadda lokaci yake a wajen na'ura. Mai buga takarda mai sauri yana danna harafi biyar a daƙiƙa. Tsakanin harafi da harafi, furosesa mai gigahaz 4 tana da bugu miliyan 800, alhali ɗan kaɗan daga ciki ya ishe ta ta sa harafin a allo. Sauran lokacin duk zaman jira ne. Kwamfutar ofis, ko a ranar da aiki ya fi yawa, mafi yawan lokacinta a jira take ƙarewa. Saboda haka babban tsimin da ake samu ba daga tafiya a hankali yake zuwa ba, daga barcin nan ne na ƙiftawar ido da ake yi sau dubbai a daƙiƙa. Cibiyar da aka yanke wa wuta ba ruwanta da lambar da Task Manager ke nunawa, ko 0.8 ko 4.

Wannan ya haifar da wata hikima da injiniyoyi ke kira tseren zuwa hutu. Yayin da furosesa ke aiki, ba ita kaɗai ke cin wuta ba. RAM a kunne take, babban allon da ake dasa furosesa a kai a kunne, na'urar adana bayanai a kunne. Idan ta ja ƙafa, duk waɗannan za su daɗe suna jira suna ci. Sau da yawa gara ta zabura ta gama aikin, kowa ya koma barci. Shi ya sa wanda ya ɗaure kwamfutarsa a mafi ƙarancin gudu da sunan tattali yakan yi asara biyu: ya wahalar da kansa, wutar ma bai rage ta yadda yake zato ba. Mafi arhar aiki yana tsakiya ne, ba can ƙasa ba, ba kuma can ƙololuwa ba.

Da aka iya kashe cibiyoyin da ba su da aiki, sai wata dama ta buɗe: wutar da suka bari a ba wa wadda ke aiki ta ƙara gudu. Wannan shi ne Turbo Boost, wanda ya zo da Core i7 na farko a watan Nuwamba na 2008. AMD ya kawo nasa a 2010 da Phenom II X6, sannan Precision Boost da Ryzen a 2017, mai hawa da sauka da taki na megahaz 25. Ke nan furosesar ƙanena tana da lambobi uku: 0.8 na zaman jira, 3.2 da kamfani ya lamunce mata idan duk cibiyoyi huɗu suna aiki, da 3.6 da take taɓawa idan akwai sarari. Ga kuma abin da mai gyaran nan bai sani ba. A furosesoshin Intel irin wannan, ƙololuwar Turbo ba ta samuwa sai sauran cibiyoyi sun yi barci mai zurfi. Wanda ya shiga BIOS ya kashe matakan C don neman gudu yana iya hana na'urar kaiwa gudun da yake nema, ga ƙarin zafi a kai.

Da farko manhajar sarrafa kwamfuta ce ke yanke shawarar gudun, ta leƙa ta ga yawan aiki, ta ba da umarni. Wannan yana ɗaukar lokaci, kuma a tsofaffin na'urori akan ji ɗan jinkiri kafin gudu ya hau. Daga nan ne shawarar "kashe SpeedStep" ta samo asali, kuma a zamaninta tana da ɗan dalili. Amma daga zuriyar Skylake a 2015 Intel ya miƙa linzamin ga furosesa da kanta da Speed Shift, AMD ya yi makamancin haka da Ryzen 3000 a 2019, inda sauya gudu ya koma millidaƙiƙa ɗaya zuwa biyu maimakon kusan 30. Shawara ta tsufa, amma har yanzu ana gadon ta daga mai gyara zuwa yaronsa. A Windows, tsarin Balanced yana barin gudu ya sauka ya hau yadda ya dace. High performance yana riƙe shi a sama, ko da yake barcin cibiyoyi yana ci gaba, shi ya sa bambancin wutar bai kai yadda wasu ke tsoro ba, bambancin saurin ma bai kai yadda wasu ke fata ba. Masu Linux su sani cewa kalmar powersave a ƙarƙashin intel_pstate ba ta nufin ɗaure gudu a ƙasa, tana hawa idan aiki ya zo. Mutane da yawa sun canza ta saboda sunan kawai.

Inda ni nake ganin ɓarnar gaske take a yau shi ne can sama. Tunda kowane ƙarin gudu yana neman ƙarin boltej, megahaz 300 ko 400 na ƙarshe su ne mafi tsada a duk tafiyar. Gasa tsakanin kamfanonin biyu ta sa suna tura manyan furosesoshinsu har bakin gaɓa domin su ci jarrabawar masu gwaji da ɗan kaɗan. Core i9-13900K ta 2022 an rubuta mata wat 125, amma an yarda ta ja wat 253 idan ta zabura zuwa neman gigahaz 5.8. Ryzen 9 7950X ta shekarar an rubuta mata wat 170, tana iya jan 230. Abin lura shi ne AMD da kansa ya sa mata Eco Mode. Idan aka zaɓi matakin wat 105, iyakar abin da za ta ja ya sauka zuwa wat 142, kuma masu gwaji sun tarar aikin da aka rasa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. A bar kusan wat 90 a karɓi wannan 'yar asara, ciniki ne da duk mai hankali zai yi, kuma a ganina da haka ya kamata a riƙa sayar da na'urar tun daga kwali, wanda ke son ƙarin ya buɗe da hannunsa.

Masu ƙera babban allo sun ƙara dagula lamarin. Shekara da shekaru da yawansu suna cire iyakar wutar da Intel ya shata, su bar furosesa ta ja iya abin da sanyaya zai ɗauka, domin allonsu ya fi na maƙwabci a gwaji. A 2024 abin ya fito fili. Masu manyan furosesoshin Intel na zuriya ta 13 da ta 14 suka yi ta kukan wasanni da manhajoji suna rufewa haka kawai. Bayan bincike Intel ya amsa cewa boltej mai yawa da zafi suna tsufar da wani sashe na cibiya, sashen da ke rarraba bugun agogo, har ta kai ba ta iya aiki daidai da boltej ɗin da a da ya ishe ta. Ya fitar da gyare-gyare ta hanyar BIOS a watannin Agusta da Satumba, ya nemi masu allo su koma kan iyakokin da ya shata, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana hana sabuwar ɓarna, amma wadda ta riga ta lalace ba ta warkewa. Duk mai irin wannan na'ura da bai sabunta BIOS ba, ya yi haka kafin komai.

Wannan magana ta fi shafar mu fiye da waɗanda suka ƙera na'urorin. Su suna gwada su a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa. Mu kuwa a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafin watan Afrilu yana wuce digiri 40, kuma furosesa ba ta iya yin sanyi fiye da iskar da fanka ke hura mata. Idan ta kai iyakarta, wadda ke kusan digiri 100 a yawancin na Intel, 95 a Ryzen 7000, sai ta sauke gudu da ƙarfin tsiya don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu kuma tana toshe haƙoran ƙarfen shan zafi kamar an lulluɓe shi da bargo. Na'urar da aka hana hutu a irin wannan yanayi kullum tana kusa da iyaka, kuma idan babban aiki ya zo ba ta da sararin zabura.

Sai kuɗi. A watan Afrilu na 2024 da hukumar kula da lantarki ta Najeriya ta ɗaga farashin rukunin Band A, yunit ɗaya ya haura naira 200. Mu ƙaddara wani sauyi a BIOS ya sa kwamfuta tana cin ƙarin wat 20 a zaune, tana aiki awa 10 a rana, kwana 26 a wata. Yunit 5.2 ke nan, sama da naira 1,000 a wata a kan na'ura ɗaya. Ga mai kwamfuta guda, ba abin tayar da hankali ba ne, kuma ba zan yi ƙarin gishiri a kai ba. Amma makaranta ko cibiyar jarrabawa mai kwamfuta 50 za ta zubar da yunit 260 a wata ba tare da an buga ƙarin harafi ɗaya ba. Idan da janareta ake, tsadar ta ninka. Idan da sola da inbata ne, wat 1,000 ne aka ɗora wa batir a banza, kuma shi ne bambancin a kai la'asar da wuta ko a tashi da azahar. Kowane wat da kwamfuta ta ci kuma zafi ne da ke zama a ɗakin.

Akwai lokacin da saukar gudu take zama ciwo na gaske, kuma gane shi ba wuya. A ba kwamfutar aiki mai nauyi, kamar haɗa bidiyo ko matse babban fayil, a zuba wa lambar ido. Idan ta hau zuwa gudun da aka rubuta ko sama ta zauna, lafiya lau. Idan ta hau sannan ta riƙa zamewa ƙasa da shi fanka na kururuwa, zafi ne: a buɗe akwati a hure ƙura, a goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen shan zafi a sa sabo, wanda a kwamfuta ta hannu mai shekara goma kusan wajibi ne. Idan kuwa ta maƙale a 0.8 ko ƙasa da haka duk nauyin aiki, to wani abu ne a kan babban allo ke aika mata saƙon gaggawa na ta sassauta, ko na'urar auna zafi ta lalace, ko sashen wuta ya raunana. Ƙananan kwamfutocin tebur masu caja irin ta laftof sukan yi haka idan aka haɗa su da cajar da ba tasu ba. Maganin a nan a gyara sanadin ne. Toshe bakin saƙon da wata manhaja kamar cire ƙararrawar gobara ne don tana damun mutane.

Ban ce babu mai hujjar riƙe gudu a sama ba. Masu situdiyon waƙa da ke ɗaukar murya kai tsaye sukan ji ƙaras-ƙaras a sauti idan furosesa ta yi jinkirin tashi daga barci, musamman a tsofaffin na'urori, kuma gare su High performance a lokacin ɗauka daidai ne. Su kunna shi idan za su yi aiki, su mayar idan sun gama. Akwai kuma tsofaffin akwatunan wuta da ba sa jure ƙarancin jan wuta: lokacin da zuriyar Haswell ta Intel ta fito a 2013 da barci mai zurfin gaske, wasu sun riƙa kashe kansu saboda abin da ake ja ya yi musu kaɗan. Mai irin wannan zai iya rage zurfin barcin kafin ya sami canji. Waɗannan keɓantattu ne, ba su zama doka ga kowa ba.

Kada kuma a manta furosesa ba ita kaɗai ce a akwati ba. A zaune, ta zamani 'yan wat kaɗan take ci, kuma sau da yawa allon kallo ko katin hoto sun fi ta. Akwatin wuta ma yana cin nasa rabo. Tambarin 80 Plus da ake gani a jikinsa yana auna inganci ne a kashi 20 da 50 da 100 na nauyi, matakin Titanium ne ya fara ƙara kashi 10, alhali kwamfutar ofis tana wuni a ƙasa da haka, inda asara ta fi yawa. Sa akwatin wat 750 a na'urar buga takardu ɓarna ce. Kuma babu wata dabarar gudu da ta kai barin kwamfuta ta shiga barci gaba ɗaya idan an tashi salla ko cin abinci, inda cinta ke komawa wat ɗaya ko biyu.

Ƙanena ya bar tasa a Balanced, ya hure mata ƙura, ya sa ta riƙa kashe allo bayan minti 10. Kirana ga masu gyara, waɗanda mutane ke miƙa wa na'urorinsu bisa amana, shi ne su daina kashe SpeedStep da Cool'n'Quiet da matakan C a kwamfutocin kwastomomi, su kuma ɗauki minti biyu su bayyana wa mai kaya abin da lambar nan ke nufi. Kai kuma mai karatu, idan ka ga tana rawa tsakanin 0.8 da 3.6, ka gwada ta da aiki mai nauyi. Idan ta hau, ka ƙyale ta.